Ranar da Baffa ya zo da makara

Babana ya rasu da safe a ɗakinsa a Nima. Kafin azahar ƙaninsa ya iso da makara da mutanen masallacinsu.

Babana Kirista ne. Uwarsu ce ta fara shiga coci can arewa, ita ta raine su su biyu a kan addu'a. Baffa ya musulunta bayan sun zo Accra, babana bai canja ba. Shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa jin sun yi gardamar addini ba. Sai ranar.

Ni kaɗai ne ɗa namiji. Ina Old Fadama ina saran tsofaffin ƙarafa aka kira ni. Na zo da baƙin mai a hannu, na tsaya a ƙofar ɗakin.

"Matsa, ɗana," in ji Baffa. "Rana tana yi. A yi masa wanka a kai shi."

"Ba haka ya ce ba, Baffa."

"To me ya ce? A sa shi a firji kamar kifi, ku yi wata biyu kuna buga ganga?"

"Ya ce a kai shi coci."

"Ciki ɗaya muka fito da shi. Kai yaushe aka haife ka?"

Fastonmu ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Mutanen da Baffa ya zo da su kuma ba baƙi ba ne. Akwai mai shayin bakin titi, akwai telan da ya ɗinka min kayan aure. Ba mugunta ta kawo su ba. A unguwar Zango irin tamu gawa ba ta kwana, a ganinsu alheri za su yi wa maƙwabci. Wannan ya fi yi min wuya. Da abokan gaba ne, da na san abin yi. Gudumata tana cikin jaka, ina jin nauyinta a kafaɗa.

Na yi addu'a a zuci. Ban iya doguwa ba. Na ce, Ubangiji, kai ka riƙe kakata, kai ka riƙe babana, kada ka bari in ɗaga hannu a kan ƙaninsa.

Wani saurayi ya kama hannuna zai ja ni gefe. Na fizge. Muryoyi suka fara tashi a tsakar gida.

Sai na ji ƙarar tasoshi a lungu. Matan cocinmu ne, yawancinsu 'yan dako a kasuwa. Ashe matata ta aika musu. Sun bar aiki sun zo, kowace da tasarta, wasu da goyo. Lungunmu mutum biyu ba sa jerawa a ciki. Suka kife tasoshin suka zauna a kai, tun daga ƙofar gida har bakin kwata. Suka fara waƙar coci da yaren garin su babana.

Makara ba za ta fita ba sai an tsallake mata. Ba namijin da zai yi haka a Nima.

Baffa ya leƙa waje, ya dawo ya zauna a benci. Ya cire hula. Na ga leɓɓansa suna motsi, suna bin waƙar.

"Inna tana yin wannan in tana niƙa," ya ce. Ba da ni yake ba.

Ya sallami mutanensa. Sannan ya miƙo min likkafanin da ya zo da shi.

"Ku naɗe shi da wannan. Kuma kada ku bar shi ya daɗe a firjin nan. Ba ya son sanyi."

Baffa ya riƙe kan babana, ni ƙafafu. Matan suka ɗage tasoshi, muka sa shi a motar tasi, sai ɗakin ajiye gawa. Cikin makon muka binne shi. Baffa bai shiga coci ba, amma ya tsaya a waje cikin rana har aka gama.

Yanzu na bar saran ƙarfe, ƙirjina ba ya ɗaukar hayaƙi. Ina gadin wani shago a Adabraka, ina kwana a Maamobi. Bara aka yi wa babbar 'yata baftisma. Allah bai sake mu ba.