Tsarabar Alhaji Mamuda daga bakin kogi

Ku sababbin shiga aikin tuƙin nan, akwai wata tafiya da har gobe in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a mota. A watan Afrilu ne, ofis ya ba ni aikin da muke kira na jira, wato ka kai fasinja, ka kwana inda ya kwana, ka dawo da shi gida. Fasinjan kuwa Alhaji Mamuda ne na garin Annandale, nan jihar Virginia, tsohon ma'aikacin rediyo, mutumin Yawuri. 'Ya'yansa ne suka kama masa ɗakin katako a wani masauki da ke bakin kogi cikin duwatsun Virginia, ya je ya huta ya kama kifin da suke kira tirawut.

Tun a ƙofar gida ya fara cika baki. Ya sa na saka ƙatuwar kular ƙanƙara a but ɗin mota, ya ce wa Hajiya, matarsa, ta gayyato maƙwabta ranar Lahadi, za su ci farfesun kifin hannunsa. Ita dai murmushi ta yi ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da muka isa, jagorar masaukin, wata dattijuwar Baturiya, ta duba lasisinsa na kamun kifi, ta ba shi wandon roba mai kaiwa ƙirji. Alhaji guda cikin wandon roba da hular zanna, wallahi da ƙyar na riƙe dariya. Sannan ta yi bayanin doka: a wannan yanki na kogin, duk kifin da aka kama sai an mayar da shi ruwa da ransa. Alhaji ya dube ni ya tambaya ko Turancinsa ne ya fara tsufa. Na ce daidai ya ji.

Ya wuni tsaye cikin ruwan sanyi yana jefa fatsa yana mita, wai a Yawuri in ka saki kifi sai a kai ka wurin mai magani. Sai safiyar Lahadi wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo ya kama fatsar. Na ɗauke shi hoto, ya daɗe yana kallon kifin, ya waiwayo yana kallon motata. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, but ɗina ba ya ɗaukar wannan." Ya sunkuya ya sake shi. Gaskiya ya ba ni tausayi, don dattijo ya koma gida ba tsaraba bayan an tara masa mutane ba ƙaramar kunya ba ce.

A hanya na ba shi shawara mu tsaya wani kanti can nesa mu sayi kifi, bakina kuma a rufe. Ya yarda da sayen, amma ya ce sam, sai babban kantin unguwarsu, nan ne ya san kifinsu ɗanye ne sosai. Muna isa wajen masu kifi, ni da kula a hannu, sai ga Hajiya a layi, keken sayayyarta cike da kifi.

Ta dubi kula, ta dube shi. "Sannu da zuwa, Alhaji. Nan ne kogin?"

Alhaji ya ciro waya yana ta kame-kame yana nuna mata hoto. Ta ce ai yara sun gaya mata dokar tun ranar da suka kama ɗakin, ta yi shiru ne don kada ya fasa zuwa, ga shi rabonsa da fita shaƙatawa tun da ya bar aiki. Ta sa na juye kifinta cikin kular, ta ce shi zai shiga da ita gida da hannunsa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan wani lokaci mutuncin fasinja kake ɗauke da shi, amma kada ka ɗauka kai kaɗai ke tsare masa shi. Ranar na ci farfesu, na ji maƙwabta suna yaba kifin kogin duwatsu, Hajiya kuwa ba ta gyara wa kowa zance ba.