Katin Hoto Ɗaya, 'Ya'ya Biyu

Yayanmu mai zanen alluna ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, amma rabin allunan shagunan layinmu daga nan suka fito. Kwamfuta ɗaya gare shi, kuma abin da yake tinƙaho da shi a cikinta shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da zane a kan allon kwamfutar. Har tsumman goge masa ƙura daban ne.

Da Autanmu ya fara karatun zanen gine-gine, sai ya zamana manhajarsa ba ta aiki a kan tsarin da Yaya yake amfani da shi, kuma ba ta motsi sai da kati mai ƙarfi. Inna ta yanke hukunci tana tsintar shinkafa.

"Ku raba mana. Ba ciki ɗaya kuka fito ba?"

"Inna, ba nama ba ne da za a yanka biyu," in ji Yaya. "In yana wajensa, ba ya wajena."

"Kai ne babba. Babba juji ne."

Sai Yaya ya gina wa Auta wata kwamfutar a cikin tasa, kamar a yanki ɗaki a cikin ɗaki. Ba ta da jiki, da ƙarfin ta Yaya take rayuwa. In an kunna ta sai katin ya koma wajenta gaba ɗaya, ɓangaren Yaya ya makance. Yana nan yana ɗauke da komai, ba a dai ganinsa. Sharaɗi ɗaya Yaya ya kafa: in Auta ya gama ya kashe tasa, katin ya dawo gida.

Auta bai taɓa gamawa ba. Zai jibga wa kwamfutar zanen bene, ya ce sai ta wuni tana fitar da hoton, ya kama gabansa.

"Yaya, don Allah kar a taɓa. In ya katse daga farko zan sake."

Yaya sai ya ɗauko benci ya zauna a waje. Mai kemis ya zo neman allo, aka ce ya dawo gobe. Tela ta zo, ta sake zuwa, daga baya muka ga sabon allo a shagonta, aikin wani. Ni raina ya ɓaci, na ce masa ya zare wayar kawai, me zai faru? Ya ce yaron jarrabawa gare shi. Jarrabawar nan ta ci shekaru, ta haɗa da masu kawo wa Yaya aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk sanda Inna ta biyo ta layin, Auta take gani a gaban allon kwamfuta, Yaya kuma a benci yana kallon motoci. Abin da ido ya gani shi ta riƙe.

Ranar da Auta ya buɗe ofishinsa, ya ce sai da kwamfutar. Inna ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ba shi mana. Ai shi ke aiki da ita. Kai kullum a benci nake ganinka."

Yaya da kansa ya naɗe wayoyin ya sa a kwali.

Bayan 'yan kwanaki Auta ya zo gida yana murna. Ya kwashe zanensa, ya sa an goge "wani tarkace da ke ƙasa yana cinye ƙarfi a banza", yanzu kwamfutar tana gudu kamar iska. Tarkacen nan shi ne ɓangaren Yaya, da duk zanen da ya yi tun buɗe shago. Ban ce Auta mugu ba ne. Bai taɓa ganin wurin ba, shi ya sa bai san da kowa a ciki ba. Amma har yau ban yafe masa rashin tambaya ba.

Yanzu Yaya da buroshi da gwangwanin fenti yake aiki, a kan bencin nan. Jiya Inna ta aiko ni wajensa da saƙo: ofishin Auta ba shi da allo, ya taimaka ya rubuta masa, tunda zaune yake.

Ya goge hannu a jikin wando, ya ce, "Wace kala yake so?"