Bahaushiyar da Hausa Ta Kayar

Suwaiba 'yar wana Bawa ce, manomin gero a Kucheri. Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. Takan kifa turmi a tsakar gida ta hau, ta kara muciya a baki tana karanta wa kaji labaran duniya. Da ta gama firamare aka kawo mini ita Gusau, nan Sabon Gari inda nake sayar da atamfa, don ta yi sakandare. Burinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba: ta karanci Hausa a gaba, a ji muryarta a rediyo.

To, sai ga shi a aji shida, shekarar jarrabawar fita, darasin da ke kayar da ita Hausa ne. Hausa fa! Yarinyar da ta ci Lissafi, ta ci Turancin da ko kakanta bai taɓa ji ba. Ta kawo mini takardar gwaji, jan biro ya yi mata kaca-kaca kamar an yanka kaza a kai. Inda ta rubuta "wanga" an soke an sa "wannan". "Lahiya" an soke. "Yaz zaka" kuwa har da alamar tambaya aka dangwala masa, sai ka ce ba da shi aka yaye mu ba.

Ta ce, "Goggo, Malam ya ce in aje Hausa kahin a gama rajista. Wai gara in bar ta da ta ɓata min sakamako."

Ranar ban ci tuwon kirki ba don haushi. Washegari na rufe shago, na hau kabu-kabu sai makarantar. Malamin, Malam Tajuddeen, ashe mutumin Bungudu ne, ɗan nan kusa da mu. Ya ba ni kujera, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mi za ni yi? Ba ni ka duba takardun ba. Masu dubawa daidaitacciyar Hausa kaɗai sunka sani."

Na ce, "Malam, to kai yanzu da wace iri kaka ba ni haƙuri? Karkatacciya?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Ya ce ta baki daban, ta takarda daban, haka ya tarar. Ya ce ga ƙawar Suwaiba, Juwairiyya, 'yar Tsafe, tuni ta ajiye darasin ba tare da an ji kansu ba. Na taso ina huci.

Suwaiba ta shiga tsaka mai wuya. In ta ajiye, ba za a ɗauke ta karatun Hausa a gaba ba, rediyo kuma ta sha ruwa. In ta riƙe ta faɗi, jan tabo ya zauna mata a takardar da za ta yi ta nunawa har tsufa. Yau ta ce ta ajiye, gobe ta ce ta fasa. Ubanta ya kira daga Kucheri yana faɗa, wai shi bai taɓa jin inda ɗan kada ya nutse a ruwa ba. Na ce masa ya zo ya rubuta mata, tunda abin da sauƙi.

Ana gab da rufe rajista ta same ni ina ninke atamfa, ta ce, "Goggo, ba zan ajiye ba." Na ɗago na dube ta. "Zan" ta ce, ba "za ni" ba.

Daga ranar ta bi harshenta da bulala. Tana wanki tana maimaita "fita, fata, lafiya". In kalmar gida ta suɓuce mata, sai ta tsaya ta sake jimlar daga farko. Har ni ba ta bari ba. Ina ciniki za ta ce, "Goggo, biyar ake cewa, ba biyat ba." Na ce in ta ƙara gyara mini baki a gaban masu saye, ranar za ta san waye ya riga wani zuwa duniya. Ko wannan labarin da kuke karantawa sai da ta bi ta gyare mini Hausarsa tas, maganar mutane kaɗai na hana ta taɓawa.

Ta ci jarrabawar, da sakamako mai kyau ma. Ta shiga kwalejin ilimi ta gama. Sai wani gidan rediyo ya nemi mai gabatar da shirin manoma, ta je gwaji da sabon mayafi. Shugaban shirin ya saurare ta, ya ce, "Muryarki ta yi. Amma manomanmu za su ce baƙuwa muka ɗauko daga Kano. Yi mana da Hausar gida."

Ta gwada. Ita da bakinta ta gaya mini abin ya fito kamar mai kwaikwayon mutanen ƙauye don a yi dariya. Wa suka ɗauka? Juwairiyya! Wallahi da na ji sai da na zauna a ƙasa. Yarinya ta yi abin da aka ce ta yi, sannan a ce da shi ta faɗi? Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Yanzu Suwaiba tana koyarwa a wata firamare a Tsafe, yara suna sonta. Ba mu gaya wa mutanen gida zancen gwajin ba. Da kakar bana muka je Kucheri tare, muka tarar da uwarta Amina tana ɓarar gyaɗa, rediyo a gefenta, shirin manoma na tafiya. Ta ƙara murya, ta yafito mu da hannu.

"Ke Suwaiba, zamna ki ji. Wallahi ɗiyag ga ta iya Hausa."

Suwaiba ta zauna, ta jawo tiren gyaɗar gabanta. Ta ce, "Haka ne, Inna. Ta iya."