Malam Sadisu da Kujerar Philemon

Da an idar da sallar asuba Malam Sadisu Maishanu yake buɗe rumfarsa a Nukkai cikin Jalingo, ya yi shara, ya jera sifanoni a kan buhu, ya zauna jiran kunu. Mai walda ne, amma a Jalingo an fi saninsa da abu ɗaya: dasa kujera mai juyawa a jirgin ruwa na alminiyam. Daga Lau, bakin kogin Binuwai, ake ɗoro masa jiragen a bayan mota. Ba shi da yawan magana, dariya kuwa sai ta kama dole. Bana ya ajiye aiki saboda ido ya fara gajiya.

Yana da ƙa'idojinsa. Ko kuka za ka yi ba zai huda ƙasan jirgi ba. Katako mai ƙwari yake gittawa, a kansa yake ɗaure farantin da ke juya kujerar. Ba ya sa notin baƙin ƙarfe, ya ce yana cin alminiyam a hankali kamar gara. In ka ce a ɗaga kujerar sama, sai ya ce, "Wannan ta ofis ce. A ruwa kifar da kai za ta yi."

Abin dariyar, mutumin nan tsoron ruwa yake yi. Bai iya iyo ba, bai taɓa shiga jirgi a kogi ba. A rumfa yake gwada kujerunsa, jirgi na kan tsofaffin tayoyi, ya zauna ya juya dama da hagu ya ce ta yi. Matuƙa suna tsokanarsa da "Sarkin Ruwan Tudu", ko a jikinsa.

Ana nan sai ga Philemon, matuƙin jirgin fito a Lau, wanda ya rasa ƙafar dama a hatsarin babur. Da tuƙin nan yake ciyar da 'ya'yansa, ga shi mai jirgin ya fara neman wani direba.

"Baba, hannuna lafiya," in ji Philemon. "Juyawa ne ya gagare ni. In na samu kujera, aikina yana nan."

Malam Sadisu ya dasa masa kujera yadda ya saba, ya gwada a rumfa, ya ce ta yi. Ranar farko a kogi, Philemon ya karya kwana, kujerar ta wulwula da shi ta watsa shi cikin Binuwai. Masunta suka tsamo shi. Mai jirgin ya ce magana ta ƙare, ba zai sa ran fasinja a hannun mai ƙafa ɗaya ba.

Da labari ya iso Nukkai, Malam Sadisu ya koma ya zauna a wata kujerar, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya dubi ƙafafunsa. Ashe duk mai zama kujera mai juyawa da ƙafa biyu yake taka mata birki, bai ma san yana yi ba. Shi ma da ƙafa biyu ya gwada ta. Ya samo hannun birkin babur da wayarsa, ya ƙera sakata a ƙarƙashin farantin: ka matse, kujera ta juya, ka saki, ta kafe. Ya shiga mota sai Lau.

Waɗanda suke bakin kogi ranar sun ga abin da ya biyo baya. Ya ɗaura sakatar, ya naɗe ƙafarsa ta dama ya ɗaure ta da igiya a cinya, ya hau kujerar. Ya ce Philemon ya zauna a ƙasan jirgi ya riƙe inji.

"Haba Baba, kai fa ba ka iya ruwa ba!" in ji Philemon.

"Na sani. Karya kwanar nan yadda ka karya ta ranar."

Jirgi ya yanka tsakiyar kogi, dattijo yana ta salati. Philemon ya karya kwana, kujera ba ta motsa ba. Malam Sadisu ya ce a sake. Da suka fito gaɓa sai da ya yi amai, ya kurkure baki, ya ƙara matse noti ɗaya, ya dubi mai jirgin ya ce, "Yanzu ta yi." Mai jirgin bai sake zancen sabon direba ba.

Malam Sadisu, kai ne ka auna aiki da jikin mai shi, ba da naka ba. Kai ne ka shiga ruwan da kake tsoro don kada wani ya rasa abincin gidansa. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idon nan haske, Ya sa hutun ya yi albarka. Masu sana'a kuma, kafin ku ce aiki ya yi, ku zauna a kansa yadda mai shi zai zauna.

Philemon yana nan yana fito har gobe. Da ya ji labarin ajiye aikin, ya zo Nukkai da busasshen kifi, ya ce a zo ya zaga da Baba a kogi kyauta. Malam Sadisu ya karɓi kifin ya ce, "A'a. Sau ɗaya na shiga, kuma aiki ne ya kai ni."