Ruwan Galura da Yumɓun Goggo

Tun ina budurwa nake rina kaba. Ja, kore, shuɗi, duk matan unguwarmu a Kebbe masu saƙar tabarma da faifai wurina suke saye. Da tukunyar galurar nan na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar ubansu, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Laifina ɗaya, kuma ban musa ba: ruwan rinin da nake zubarwa yana bin kwata ya gangara tafkin bayan gari. Wani rani Fulani suka sauka da shanu, sai ga farar saniya ta ɗago daga tafki da baki kore shar. Ardonsu ya kai ƙara. Mai unguwa ya aiko a ce mini in kife tukunya, rini ya ƙare. Na yi fushi har na kasa cin tuwo. Ardo yana da gaskiya, amma shi mai unguwa ko kirana bai yi ba ya ji ta bakina.

Goggona maginiyar tukwane ce a Sanyinna. Na tuna ina yarinya na taɓa kifar da ruwan galura cikin kwatarniyar da take jiƙa yumɓu. Na sha duka, amma da safe ruwan ya kwanta garau, yumɓun ne ya rine. Na hau kabu-kabu na je na ɗauko buhu guda, na shanya, na daka, na tankaɗe, na dama shi cikin ruwan rini a tsohuwar randa. Maƙwabta suka samu abin dariya, wai takaici ya taɓa ni, ina wanke ruwa da laka. Karon farko ruwan ya fito kore-kore, sai da na ƙara yumɓu na bar shi ya kwana biyu sannan ya kwanta garau.

Ranar kasuwa na cika bokiti na dire gaban mai unguwa, Ardo na zaune gefensa.

"Ke, mi kinka kawo muna?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ruwan rinina na. Ba ni rawaninka in tsoma. In ya rine, yau ɗin ga na bar sana'a."

Ya dafe rawani da hannu biyu. Sai na warware farin mayafina na idi da na zo da shi, shi kaɗai gare ni, na danna cikin bokitin. Na bar shi ya jiƙe sosai, sannan na ciro shi. Na matse, na baza, fari fat.

Ardo ya kamfaci ruwan ya sansana. "Inna, in haka za ki riƙa yi, ni ba ni da sauran magana."

Mai unguwa ya yi gyaran murya, wai za su duba. Ban jira dubawarsa ba, ina isa gida na hura wuta ƙarƙashin tukunya. Tabarmar da yake zaune a kai yana yanke mini hukunci ma, ni na rina kabarta.