Fuskar da Hajo Ba Ta Taɓa Dannawa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da abokan aikina biyu. Ni ungozoma ce, kuma aikin da ya fitar da mu shi ne duba wata manhajar waya da muka raba wa mata a ƙananan asibitocin Safana da Batsari. Kullum manhajar za ta tambayi mace ya jiki, ita kuma ta danna fuska ɗaya, daga mai murmushi zuwa mai kuka, gwargwadon ciwon mararta. Da haka likita zai zargi endometiriyosis da wuri, cutar da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta.

Safana muka fara sauka. Na sha furar da tsadarta ta sa na waiwaya in ga ko da zuma aka dama. A asibiti kuwa muka buɗe bayanan, kai jama'a! Murmushi ne reras, kamar hoton biki. Ɗaya daga cikin abokan aikina har ya fara murna wai matan nan lafiyarsu lau. Na ce masa, "Malam, a nan ko mutum na shure-shuren mutuwa ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka."

Daga Batsari muka hau babura zuwa Wagini, inda aka yanke cibiyata. Rabona da garin tun da hanya ta daina aminci. Dawa ta yi kai, jakuna na dawowa da harawar wake, ƙanshin ƙuli ya tare ni tun daga bakin gari. Tsamiyar da muke gaɗa a gindinta tana nan, amma yawancin 'yan gaɗar sun watse. Wallahi sai da na share hawaye da gefen mayafi.

Hajo ce ta rage, ƙawata ta ƙuruciya. Tun muna 'yan mata, duk wata sai ta kwanta a ɗakin kakarta tana murƙususu, ana jiƙa mata jar kanwa. Aka ce in ta yi aure zai wuce. Ta yi, aka ce sai ta haihu. Haihuwar ba ta zo ba har yau. Na karɓi wayarta, ita ma murmushi ne tun daga sama har ƙasa, kuma da wannan babu likitan da zai tura ta hoton ciki Katsina.

"Hajo, don Allah mene ne wannan?"

"To ya zan yi, 'yar'uwa? Abu ya tambaye ni ya jiki, sai in yi wa Allah butulci?"

Na bar zancen jiki. Na tambaye ta kwana nawa ta kasa ɗora tukunya a watan nan, da wanda ke ɗebo mata ruwa. Ta sunkuyar da kai ta fara lissafawa da yatsu, hannu ɗaya bai isa ba.

A mota muka yanke shawarar a sauya tambayar manhajar, ta daina gaisuwa, ta riƙa tambayar aikin da ciwo ya hana. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: mun aika wa mutanenmu gaisuwa, suka amsa ta da ladabi.

Na iso gida kafin magariba. Bayan sati na kira Hajo, bakina ya riga ni na ce ya jiki.

"Babu sauƙi," in ji ta. "Yaushe zan zo hoton?"