Jan fensir a tabkin Gidimuni

Yanzu 'yata takan zauna gaban kwamfuta ta haɗa 'yan akwatuna da layuka, hoto ya riƙa motsi. Aikinta ke nan, tana yi wa 'yan kasuwa hotunan talla. Kwanan baya na tarar da ita tana tsaki. Ta ce akwai wata lamba da ke hawa tana sauka, tana son tsuntsun da ta zana ya juya fuska duk lokacin da lambar ta juya, amma da zarar lambar ta kai ƙarshe ta koma farko, sai na'urar ta ɗauka juyawa ta yi. Na ce mata ta riƙa gwada lambar yanzu da wadda ta gabace ta, sannan ta duba ko a baki abin ya faru. Ta ƙara akwati biyu, tsuntsu ya daidaita, ko shayina bai huce ba. A zamaninmu ba a goge irin wannan kuskure da yatsa. Na san irinsa da ya cinye garkar mutum, lambunsa ɗungum, kuma da hannuna a ciki.

A shekarun fari, biron da nake aiki a Damagaram, wato ofishinmu, ya tura ni Gidimuni in kula da ma'aunin tabki. Na'ura ce cikin akwatin ƙarfe a kan bututu. A cikin bututun akwai gwangwani da ke yawo kan ruwa, waya ta haɗa shi da alƙalami, alƙalamin kuma yana zane kan takarda da aka naɗe a jikin ganga, agogo yana juya ta. Ruwa ya sauka, layi ya sauka. Amma takardar ba ta da faɗi, don haka idan alƙalami ya kai bakinta sai ya juyo ya fara hawa, ko da ruwan sauka yake ci gaba da yi. Daga baya na ga irinta a kogin Kwara, na ga irinta a Kamaru, kuma ko'ina al'adar ɗaya ce: mai cire takarda yakan sa alama da jan fensir a wurin da alƙalami ya juyo. Bambancin ba shi da wuya ga wanda ya saba. Juyin ruwa na gaskiya a hankali yake zuwa, layi ya kwanta kwanaki kafin ya ɗaga. Juyin alƙalami tsini ne, kuma kullum a bakin takarda.

Shef ɗinmu, shugaban biron, bai saba ba. Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, a littafina yake kwafar lissafi. Ya tafi Faransa ya dawo da tabarau da wani hanci da yake ɗagawa kamar duk Zangon Damagaram wari yake masa. Bai taɓa taka tabkin ba. In na shigo da takardu sai ya bar ni tsaye a ƙofa, ya yi mini Faransanci, ni da muka ci ƙosai a takarda ɗaya. Wata rana a gaban ma'aikata ya ɗaga takardata da yatsa biyu.

"Mai gadin tabki," in ji shi, "wa ya ce ka riƙa yi wa takardar gwamnati kwalliya? Cirewa aka ce ka yi, ka kawo. Karatu akwai masu shi."

Aka yi dariya. Na ce, "To, shef." Na sa fensirin a aljihu, ban ƙara fito da shi ba.

A Gidimuni ina zaune a gidan wani dattijo mai garka, Baba nake ce masa. Shi ya ba ni shago a zaurensa, matarsa na aiko mini da tuwo a shekarar da tuwo ya zama abin ɓoyewa. Da Barbarci muke gaisawa, hira kuma da Hausa. Gero bai yi ba, abin da ya rage masa buhu biyu ne na irin kwambitar, dankalin Turawa, da ya hana iyalinsa ci. Tambayarsa ɗaya ce: ya shuka a ƙasa kusa da ruwa, ko a sama inda ya saba? In tabki zai ci gaba da janyewa, rijiyoyin sama za su ƙafe. In kuwa ruwan ƙasa zai iso a makare, kamar yadda yakan yi wasu shekaru, na ƙasa zai nutse. Ya taɓa yin wannan asarar, bai manta ba.

A lokacin ne alƙalami ya kai baki ya juyo. Na gani da idona, tsini ne kamar kan mashi. Sandar da na kafa cikin laka ma ta nuna ruwa ya ƙara sauka. Na naɗe takarda ba alama, na kai Damagaram. Sati na biyu ma haka. Ina so shef ya rubuta rahoto ya sa hannu, ya tura Yamai, sannan in fito da sandata. Har na tsara yadda zan tsaya a ƙofarsa.

Abin da ban zata ba shi ne ya zo. Ya iso da mota, takalminsa fari, aka tara masu garake ƙarƙashin dabino. Ya shimfiɗa takardu a kan mota yana bin layin da yatsa. Ranar har Hausa ya yi. Ya ce ruwa na dawowa, kowa ya janye daga bakin tabki.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai idona janyewa yake gani. Inda na wanke ƙafa wancan sati, yau akuya ce ke kwance."

"Tsoho, idonka saman ruwa yake gani. Na'ura daga ƙasa take ji. Kafin ka gani ta rigaya ta sani."

Ina tsaye bayan shef, fensir na cikin aljihuna. Da na yi magana a wurin, da ya ce kuskuren mai gadi ne, ya gyara rahotonsa ya wuce lafiya.

Da la'asar Baba ya same ni a zaure ina gyara agogon na'ura.

"Ɗana, kai ke kwana da abin nan. Gaskiya ya faɗa?"

"Baba, shi ya yi karatu a Faransa. Ni takarda nake cirewa."

Ya tashi ya shiga gida. Washegari shi da 'ya'yansa suka yanka irin nan suka binne a sama.

Ya fito kore shar, ya yi kyau sati uku. Daga nan guga ya fara kawo laka, sannan ya daina kawo komai. Suka koma ɗibo daga tabki da tulu, tabkin kuwa kullum yana ƙara nisa. Matan gidan wuyansu ya kumbura. Ganye ya kwanta tun bai yi 'ya'ya ba.

Na samu ranata a biro. Manya sun zo daga Yamai, na ajiye sandata kan teburin shef da lakar jikinta, na nuna musu tsinin da ke bakin takarda. Fuskarsa ta yi toka. Da suka fita ya rufe ƙofa.

"Ka sani tun farko, munafuki."

"Kai ka hana kwalliya, shef."

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Abin da aka yi masa kawai shi ne aka mai da shi wani biro mai fanka biyu. Ni kuwa bakina bai iya riƙe daɗin ba. Na ba direba labari, direba ya ba masu shayi, labari ya riga ni isa Gidimuni.

Na tarar da tabarmata a naɗe da akwatina a ƙofar gida. Baba na zaune a dakali. Na gaishe shi da Barbarci, ya amsa da Hausa.

"Shi shef ɗinku bai sani ba, kuma bai ci tuwona ba," in ji shi. "Ɗauki kayanka."

Kafin zafi ya shigo ya sayar da garkar, ya kwashe iyalinsa zuwa Kano. Na yi aiki a ƙasashe da dama bayan nan, ban ƙara miƙa takarda ba tare da jan alama ba, ko wa ya hana. Baba bai dawo Gidimuni ba, ni ma ban ƙara shiga gidansa ba.